Wutar dashbod: wacce ce ta juye, wacce ce ta faka yanzun nan

Ranar wata Juma'a bayan an sakko daga masallaci ƙanina ya kira ni murya duk a rikice, wai Yaya gani nan na faka a gefen titi wajen Na'ibawa, wata wuta ta kama a motar nan kuma ta ƙi mutuwa. Nace wace kala ce? Yace ruwan ɗorawa. Nace karanto min abin da aka rubuta. Ya fara harhaɗo baƙaƙe, M, A, I, N, T... nace ya isa haka, tada motarka ka tafi gida ka ci abinci, cikin satin nan ka kai ta a yi mata juyen baƙin mai. Corolla ce 'yar Kwatano da bai fi wata huɗu da saye ba, kuma wannan yaron da ya tsorata da wutar da ba ta da haɗari, na tabbata da ɗan jan hoton butar nan ta baƙin mai ce ta kama masa da sai ya ce bari na lallaɓa na ƙarasa gida tukunna. To matsalar yawancinmu kenan, inda ya kamata mu tsorata muna sakaci, inda babu komai kuma nan hankalinmu ke tashi.

Bari mu fara da wadda ta kama masa ɗin. MAINT REQD da kake gani a Toyota ba ta san komai game da lafiyar injinka ba, wallahi ko leƙa man ba ta yi. Ƙidaya kawai take. Tun daga ranar da aka yi mata risetin take lissafa tafiyar da motar ta yi, idan ta kai mil 4,500 sai ta riƙa ƙiftawa na 'yan daƙiƙoƙi duk lokacin da ka tada mota sannan ta ɗauke, idan ta cika mil 5,000 sai ta kama ta zauna. Shikenan aikinta. Mil 5,000 kuwa kusan kilomita 8,000 ne, dan mil ɗaya ya kai kilomita 1.6, kuma nan ma mutane na rikicewa saboda motocin da aka shigo da su daga Amurka mitarsu da mil take ƙidaya, na Kanada da Turai kuma yawanci kilomita. Ka duba kusa da lambar, zaka ga an sa mi ko km. Na taɓa ganin wanda bakanike ya ce masa ya dawo bayan dubu biyar, shi bakanike kilomita yake nufi motar kuma mil take ƙirgawa, kaga an ƙara wa man tafiyar kilomita dubu uku ba tare da kowa ya sani ba.

Tunda ƙidaya ce, abu biyu na iya faruwa. Ko a yi maka juye jiya a manta ba a yi risetin ba, wutar ta kama yau, ka koma kana faɗa da bakanike wai bai canza mai ba. Ko kuma a kashe wutar ba tare da an taɓa man ba, dashbod yayi fes, injin kuma yana can yana juya man da ya koma kamar kwalta. Na biyun shi ne mugun, kuma masu sayar da mota sun iya shi sosai.

Ita Honda ta ɗan fi wayo. Daga wajen 2006 zuwa sama, irin su Civic da Accord ɗin da muke kira Discussion Continues da Evil Spirit, ba mil kawai suke ƙirgawa ba, kwamfutar motar na duba yadda injin ke juyawa da zafinsa da irin tafiyar da ake yi, sai ta nuna maka sauran ƙarfin mai cikin ɗari. Idan ya sauko 15 sai hoton sifana ya fito tare da harafi da lamba, misali A1 ko B12. A na nufin juyen baƙin mai. B juye ne da canjin filta da duba birki da sauran ƙasan mota. Lambar da ke biye kuma ƙarin aiki ne, 1 a sauya wa tayoyi wuri, 2 filtar iska da ta AC, 3 man giya, 4 fulogi da tayimin bel idan motar mai bel ce, 5 ruwan lagireto. Saboda haka B12 ba wata cuta ba ce, lissafin aikin da ke jiranka ne a gareji. Amma ita ma fa lissafi take, ba ta san jabun mai aka zuba mata ba, kuma ba ta san man ya ragu ba. Zata iya nuna maka 60 alhali sandar geji da ake auna mai da ita ta kusa bushewa.

Fijo kuma, 206 da 307 da 406 ɗin nan da har yanzu suke cike da titunan Kaduna, sifana suke nunawa a mita da adadin kilomitan da suka rage kafin sabis. Golf 3 ta rubuta OEL, wato mai da Jamusanci. Marsandi ta ce Service A ko Service B. Duk jirgi ɗaya ne ya kwaso su, tunatarwa ce.

Sai maganar kala, dan ita ce zata cece ka ko da ba ka gane hoton ba. Kore da shuɗi labari kawai suke ba ka, sigina na aiki, ka kunna babbar fitila, ko injin bai gama ɗumi ba. Ruwan ɗorawa na cewa akwai abin dubawa, ba sai ka tsaya a tsakiyar daji ba amma kar ka kwana biyu kana kallonta. Ja kuwa ba a ciniki da ita.

Kafin ma nan, ga wani abu da nake so kowa ya koya, musamman mai shirin sayen mota. Ka murɗa ki zuwa ON kar ka tada injin, in mai danna maɓalli ce ka danna sau biyu ba tare da ka taka birki ba. Duk fitilun dashbod zasu kama lokaci ɗaya, motar na gwada su ne. Ka nutsu ka nemo ta injin, ta mai, ta batir, ta ABS ɗin birki, da ta iyabag, wato jakar iskar da ke fitowa in an yi hatsari. Duk wadda ba ta fito ba a wannan lokacin to ko ƙwan ya mutu ko an yi mata aiki, an cire ƙwan ko an liƙe ta da baƙin salatif ta ciki. Ni kaina an taɓa yi min, motata ta farko, wutar injin ta dame ni na kai wa wani mai gyaran waya, nace malam dan Allah ka raba ni da wutar nan. Yace an gama oga, je ka sha shayi ka dawo. Na dawo wuta ta mutu, na biya har da tukwici ina ta godiya. Sai bayan wata kusan biyar, mota na ta shan mai kamar raƙumi tana kakkarwa, wani ya buɗe mitar ya nuna min gurbin ƙwan wayam. Kuma in an bi gaskiya ban isa na ce ya cuce ni ba, abin da na roƙa shi ya yi min.

To jajayen. Ta farko kuma uwarsu ita ce mai kama da buta ko 'yar fitilar aci-balbal tana ɗigo, wato ta baƙin mai. Mutane na ɗauka cewa take mai ya ragu ka ƙara idan ka samu sarari. A'a. Cewa take man ba ya hawa da ƙarfin da zai kai inda ƙarfe ke gogar ƙarfe, kuma injin da ke gudu babu mai mintuna kaɗan yake buƙata ya buga. Idan ta kama kana tafiya, ka nemi gefe ka kashe injin nan take, ba sai ka kai gidan mai na gaba ba. Ka jira minti biyar, ka zaro sandar geji ka goge da tsumma ka mayar har ƙarshe ka sake zarowa. In man na ƙasa da alamar ƙasa, ka ƙara, tsakanin alamomin biyu a yawancin ƙananan motoci wajen lita ɗaya ne, sannan ka leƙa ƙarƙashin motar ko yoyo take. Ka tada, in wutar ta mutu ka lallaɓa zuwa gareji. In kuwa man a cike yake amma wutar na nan, kar ka sake tada ta, a jawo ta. Yana iya zama ɗan sensan ne kawai ya lalace, abin kuɗi kaɗan, yana kuma iya zama famfon mai ne ko rariyar da ke cikin sam, wato kaskon da mai ke taruwa a ƙasan inji, ta toshe da dattin mai, kuma kai a bakin titi ba ka da hanyar bambancewa. Kuɗin janwe da kuɗin sabon inji a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ba a ma haɗa su.

Masu Camry Muscle mai silinda huɗu, ta 2007 zuwa 2009, ku kam ku riƙa duba geji duk sati, injin nan an san shi da shan baƙin mai ko da babu yoyo.

Ta biyu ita ce ta zafi, hoton ma'aunin zafi a cikin ruwa, ko allurar ta haura zuwa H. Ka kashe AC, ka faka, ka kashe injin, ka buɗe bonet ka bar shi ya sha iska. Dan girman Allah kar ka buɗe murfin lagireto da zafinsa, ruwan a matse yake kuma ya wuce tafasa, fuskarka zai nufa. Kar kuma ka kwara wa injin ruwan sanyi. Ka ba shi kamar rabin awa. Wanda ya ce bari na ƙarasa saura kaɗan, shi ne gobe zaka ji ana maganar gaskit ya ƙone ko kan silinda ya lanƙwashe.

A nan sai na ɗan yi ƙorafi. Al'adar nan ta da mota ta iso daga Kwatano a cire mata tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, a haɗa fanka dairek wai ƙasarmu da zafi, ban yarda da ita ba ko kaɗan. Motocin nan ana hawansu a Dubai da Saudiyya da tamostat ɗinsu. Injin an ƙera shi ne yayi aiki a wani zafi na musamman, wajen digiri 90, in ka hana shi kaiwa nan kwamfuta zata ɗauka har yanzu da sanyi ta yi ta ƙara masa fetur, ga tsadar fetur tun da aka cire tallafi a 2023, kuma sau da yawa ita kanta wannan ɗin na kunna wutar injin. In mota na zafi akwai dalili, lagireto ya toshe, ko fanka ta mutu, ko famfon ruwa, ko murfi ya saki. A nemo dalilin. Haka zuba ruwan rijiya ko fiyawota a lagireto, in ka matsu a hanya ba laifi, amma ya zama shi ne kullum to tsatsa kake tarawa. Kulant ake sawa, na Toyota ruwan hoda ne, na Honda shuɗi.

Ta uku hoton batir. Abin dariya ita kuma ba kasafai batir ɗin ne ke da laifi ba, cewa take caji ya tsaya, wato altaneta ba ta ba da wuta ko fanbel ya tsinke. Motar zata ci gaba da tafiya da abin da ya rage a batir har ya ƙare ta mutu maka, watakila a tsakiyar gosulo. Ka kashe AC da rediyo da duk abin da ke cin wuta ka nufi wajen mai waya, kuma idonka na kan allurar zafi, dan a motoci da yawa bel ɗin da ke juya altaneta shi ke juya famfon ruwa. Gwajin ba wuya, batir mai lafiya mota a kashe yana ba da wajen bolt 12.6, in an tada ta ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. Kar ka yarda da gwajin nan na cire kan batir mota na aiki, zamanin Fijo 504 ne wannan, motar yanzu zai iya ƙona mata kwamfuta.

Sai ta birki, alamar motsin rai a cikin da'ira ko a rubuta BRAKE. Fara duba hambirki ko bai gama sauka ba. In ya sauka kuma tana nan, man birki ne yayi ƙasa, kuma man birki ba ya ƙonewa kamar baƙin mai, in ya ragu to ko birkin ya cinye ko akwai yoyo. Ƙara mai kawai rufe ido ne. In ka taka ka ji ƙafarka na nutsewa har ƙasa, motar nan ba ta tafiya ko ina. ABS ita kaɗai ruwan ɗorawa ce, birkinka na aiki, na'urar da ke hana taya ƙullewa ce ta tsaya, sai ka kula sosai a damina. Ta iyabag kuma, mutum zaune da ƙwallo a gabansa, ma'anarta ranar da ake buƙatarsa ba lallai ya fito ba, Allah ya kiyaye.

Yanzu ga sarauniyar rigima, cek injin, wato wutar injin. Rabin motocin da ke kan titinmu da ita suke yawo, har wani direba ya taɓa ce min ai tasa in ta mutu ne hankalinsa ke tashi. Ita ba a gane dalilinta da ido, dalilan sun fi ɗari, daga murfin tanki da ba a ɗaure da kyau ba bayan an sha mai har zuwa abin da zai ci maka inji. Abu ɗaya zaka riƙe, in a tsaye take kuma mota na tafiya lafiya, ka kai ta cikin 'yan kwanaki. In ƙiftawa take, mota na kakkarwa ba ƙarfi, to wata silinda ce ba ta ƙona mai, ɗanyen fetur na wucewa salansa yana dafa indomi, wato abin nan mai ramuka kamar saƙar zuma da ke tace hayaƙi. Wannan ka sassauta totur ka tsaya da wuri.

Maganinta a sa mata kwamfuta. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, suna da wata kafa mai ramuka 16 a ƙasan sitiyari, OBD2 ake ce mata. Nan ake jona na'urar ta karanto lambar ƙorafin. Akwai ma 'yar ƙaramar nan ELM327 da ake haɗawa da waya ta bulutut, ba tsada, ni tana cikin motata kullum. Lambobin da zaka fi cin karo da su, P0300 injin na tsallake wuta, in ta ce P0301 silinda ta ɗaya ce, P0302 ta biyu, haka haka. P0171 iska ta yi wa fetur yawa. P0420 indomi ya gaji, ko kuma babu shi ma gaba ɗaya, dan akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa irin su filatinam shi ya sa ake sace shi, wani lokacin tun kafin motar ta iso hannunka. P0455 tururin fetur na fita, sau da yawa murfin tanki ne.

Amma ka lura, lambar inda ciwon ya bayyana take faɗa, ba ta ce ga abin da zaka saya ba. P0301 na iya zama fulogi, ko koyil, ko nozul. Bakanike mai hankali zai ɗauke koyil ɗin silinda ta ɗaya ya kai ta biyu, in lambar ta koma P0302 to an kama ɓarawo, koyil ɗaya zaka saya ba huɗu ba. Wanda kuwa daga ganin lamba ya fara rubuto maka lis, ka ce masa oga bari na yi shawara. Sannan kar ka bari a goge lambar sai ka ɗauke ta a hoto. Gogewa ba gyara ba ce, haka cire kan batir, wutar zata mutu ta dawo bayan kwana biyu. In kuma wutar ta kama ne jim kaɗan bayan ka sha mai wajen 'yan bumburutu ko wani gidan mai da ba ka saba ba, ka faɗa wa bakanike tun farko, waɗanda suka ga abin da gurɓataccen fetur ɗin nan mai metanol yayi wa motoci a farkon 2022 ba sai an yi musu bayani ba.

Akwai wata kuma mai kama da kofaton doki da alamar motsin rai a tsakiya, ta iskar taya ce, duk motocin Amurka daga 2008 suna da ita. Ka duba iska. Adadin da ya dace yana jikin wata takarda a bakin ƙofar direba, yawanci 30 zuwa 35 ne a ƙananan motoci, ba 45 ko 50 ɗin da mai faci ke durawa ba. Lambar da ke jikin tayar iyakar abin da zata iya ɗauka ne. Kana nan tsugune kuma ka duba shekararta, lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT, in ka ga 2319 to sati na 23 ne a 2019.

To mu dawo kan sabis ɗin kansa, wanda duk wannan surutun dominsa ne. Ra'ayina, a ƙasar nan kar ka jira wuta ta tuna maka. Wanda ya tsara mil 5,000 bai san ƙurar hunturu ba, bai san zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri da ke haura digiri 40 ba, bai san zaka yi awa guda a gosulo da AC a kunne ba, injin na ta aiki mita kuma ba ta motsi. Su kansu littattafan motocin sun ware irin wannan yanayin, ƙura da gajerun tafiye-tafiye da yawan tsayuwa injin na aiki, sun ce a gajarta lokacin sabis. Ni dai yadda nake yi, in man gama-gari ne kilomita 4,000 zuwa 5,000 ko wata uku, in sintetik ne na gaske zan iya kaiwa 7,000 zuwa 8,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. Hajiya da motarki daga kai yara makaranta sai kasuwa sai gidan biki, kar ki ce ai ba ta zuwa ko ina, irin wannan gajeriyar tafiyar ta fi lalata mai saboda injin bai gama zafi ba an kashe shi. Ke da wata zaki yi lissafi ba da mita ba.

Wane mai? Duba murfin da ake zuba man, yawanci a rubuce yake. Corolla ta 2003 zuwa 2008 5W-30 ce, Accord ɗin da muke kira End of Discussion 5W-20, sababbin Toyota da Honda da yawa 0W-20. Bakanike zai ce maka wannan ai ruwa ne, a sa 20W-50 mai kauri shi ne daidai da zafinmu. Ga tsohuwar Fijo ko injin da ya riga ya gaji yana hayaƙi, to da sauƙi. Amma injin Toyota mai VVT-i da man yake sarrafa tayimin ɗinsa ta wasu 'yan ƙananan hanyoyi, mai kauri ba ya saurin isa can musamman da safe, a hankali zaka fara jin ƙara in ka tada. Ka sayi manka da kanka a wurin da ka yarda da shi, jabu yayi yawa a kasuwa kuma galan ɗin sak na asali. A ɓalle murfin a gabanka, in an gama ka tafi da galan ɗin ko ka huda shi, dan da irinsu ake sake ɗura wani. Ka san kuma yawan da motarka ke sha, Corolla wajen lita huɗu, Muscle V6 wajen shida, cikawa ya wuce alama shi ma illa ne.

Duk juye a canza oyil filta, ba wai sau ɗaya a juye biyu ba. Kuma ka tsaya a wajen, minti talatin ne. Ba zargin kowa nake ba, amma yaran gareji ne ke yin aikin, oga na can yana waya, kuma yaro na iya manta ɗaure noti ko ya ɗaure shi har ya cinye zaren. Kana tsaye sai ka ce a buɗe maka filtar iska ka ɗaga ta saitin rana, in haske ba ya ratsawa ta gama. Busa ta da iska na ɗan taimakawa sau ɗaya ko biyu, bayan nan sabuwa kawai, kuma da hunturu duk wata ya kamata a leƙa ta. Akwai ta AC ma a bayan akwatin da ke gaban mai zaman banza, mutane da yawa ba su ma san da ita ba, ranar da na fara ciro tawa har da ganyen darbejiya da fatar gyaɗa. A duba man birki, ruwan lagireto, fanbel ko ya fara tsatstsagewa, kan batir ko yayi farin gari, da kaurin birki.

Sauran kuma masu dogon zango ne. Man giya na otomatik ba a yi masa kowanne-ma-ya-yi, Toyota akwai mai shan T-IV akwai mai shan WS, Honda nata daban, DW-1 wanda ya maye gurbin Z1, kuma giyar Honda ba ta yafiya in an zuba mata wani. Man birki duk shekara biyu zuwa uku, yana tsotsar danshi. Fulogi in iridiyam ne na asali yana kai mil dubu ɗari ko fiye, in an ce maka duk sabis sai an canza to ko jabu ake sa maka ko ana cin kuɗinka. Sai tayimin, ka tambaya motarka sarƙa ce ko bel. Corolla mai fetur ta 2003 zuwa 2008 da Camry mai 2.4 sarƙa ce, ba ruwanka da ita in dai kana juye a kan lokaci. 406 da Honda V6 bel ne, kuma in ya tsinke ana tafiya bawul na iya lanƙwashewa, babu wata wuta da zata gargaɗe ka a yawancinsu. In ka sayi mai bel ba ka san yaushe aka canza ba, ka canza kawai ka huta.

An gama juye, saura kashe wutar, kuma wannan ba sai ka biya kowa ba. A Toyota mai ki, murɗa zuwa ON, ka danna ɗan sandan da ke jikin mita har ya nuna Trip A, irin su Camry Big Daddy kuma a kan ODO ake barinsa, in ɗaya bai yi ba gwada ɗayan. Kashe ki. Danne sandan ka riƙe, ka sake murɗawa zuwa ON ba tare da ka saki ba, zaka ga 'yan layuka na ɓacewa ɗaya bayan ɗaya sai sifili ya jeru, sai ka saki. Sababbi masu allo kuma ta maɓallan sitiyari ake shiga setin a nemo wajen sabis ɗin. A Honda, ON, ka danna har sai lambar ƙarfin mai ta fito, ka danne kamar daƙiƙa goma ta fara ƙiftawa, ka saki ka sake dannewa kamar daƙiƙa biyar, zata koma 100. A Fijo, mota a kashe ka danne maɓallin mita, ka murɗa ki, zata ƙirgo daga 10 zuwa 0, ka saki, sifana ta tafi. Ko da ka yi juye kafin wutar ta kama, ka yi risetin ɗin, in ba haka ba lissafinta zai rikice.

Daga nan sai ka ɗauki hoton mita da na galan ɗin man ka ajiye a waya, ko ka sami ɗan littafi ka bari a mota, kwanan wata, lambar mita, irin man, da abin da aka canza. Ƙanin nawa da ya kai tasa washegari, man da aka tsiyayo baƙi wuluk kuma bai kai lita uku ba, filtar da ke jiki kuwa tun ta can ce da rubutun wani gareji na Amurka. Na sa aka yanko masa farin salatif aka rubuta mil ɗin da zai dawo aka manna a jikin ƙofar direba, daidai saman takardar iskar taya.